Rabon Mai Ji

Cikin kalmomin da Bahaushe yake juyawa a bakinsa dare da rana, da wuya a sami wadda ta kai "ji" gajarta, da wuya kuma a sami wadda aka labta wa kaya kamarta, gama da ita ake jin kira, da ita ake jin yunwa da sanyi da ƙanshin turare, da ita ake jin kunya da tausayi, miya ta ji gishiri, yaron da ya gagari iyayensa a ce ba ya ji, kuma idan baƙo ya sauka a gari aka so a san ko za a iya mu'amala da shi, ba a tambayarsa ko yana faɗin Hausa, sai a ce masa, "Kana jin Hausa?" Wannan tambaya ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, domin ta ɗauki harshe ɗungurungum ta damƙa wa kunne, alhali kuwa a zatonmu mai magana shi ne ma'aikaci, mai sauraro zaune yake kawai ana zuba masa. Muna yabon mai fasaha, muna cewa bakinsa da zaƙi, muna tara masa jama'a. Amma wanda ya kasa kunne ya gane abin da aka faɗa, babu mai ganin ya yi wani abin a zo a gani. Ma'abota ilimin furuci kuwa, bayan shekaru masu yawa suna gwaji da awo, sun tarar cewa aikin da ke wakana tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa, a cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, ya fi aikin baki wuyar bayani nesa ba kusa ba.

Mas'alar ga ta. Mutum ya buɗe baki, iska ta taso daga huhunsa, ta ratsa maƙogwaro, harshe da leɓɓa suka sarrafa ta, ta zama girgiza a cikin sararin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa. Girgizar ta doki dodon kunne, nan take ɗan'uwan ya san "gobe" aka ce, ba "goge" ba, ba "goro" ba, ya tsamo ta daga cikin dubban kalmomin da ke ajiye a ransa, ba tare da ya ji gajiya ko ya san ya yi zaɓe ba. Ta yaya?

Magabata sun fara bahasin ne daga wajen mai faɗi. Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya rasu wajen shekara ta 170 bayan Hijira, da ya yi nufin tsara ƙamus na Larabci, sai ya ƙi jeranta haruffa bisa yadda aka saba, ya zauna yana ɗanɗana su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe baki da alifi sannan ya tsaya a kan harafin da yake nema, har ya gane inda kowanne yake fitowa. Ya fara daga can cikin maƙogwaro da ainun, wanda littafin ya sami sunansa daga gare shi, ya gangaro har zuwa leɓɓa. Almajirinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafitar haruffa 16, ya bambanta masu ƙarfi da masu rauni, masu bayyana da masu raɗa. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833, ya tsaya a kan 17, ƙidayar da ɗaliban tajwidi suke haddacewa a makarantunmu har yau. Waɗannan malamai ba su gafala ba daga cewa harafi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa yana shafarsa, shi ya sa suka kafa babukan idgami da ihfa'i da iƙlabi, inda nunun mai sukuni yake komawa mimun idan ya ci karo da ba'un. Mu ma haka muke yi a Hausa ba tare da an koya mana ba: muna rubuta "gidan biki", amma "gidam biki" muke faɗa, kuma babu mai sauraron da ya taɓa tsayawa yana tambayar mene ne "gidam". Abin lura shi ne, duk da wannan tahaƙiƙi nasu, sun haɗu a kan cewa ƙira'a ba a ɗaukarta daga takarda, sai baki da baki, almajiri yana gaban malaminsa. Wato sun san akwai wani abu a cikin sauti wanda siffantawa ba ta kamo shi, sai kunne.

Abin da ya rage a ɓoye sai a ƙarni na 20 aka fara leƙa shi, sa'ad da injiniyoyin kamfanin Bell na Amurka suka ƙera na'urar da ke zana hoton sauti a kan takarda, ta nuna yadda amonsa yake hawa da sauka daga lokaci zuwa lokaci, suka kuma bayyana ta ga duniya a wani littafi a 1947. An yi tsammanin za a ga haruffa jere reras, kowanne da siffarsa, da ɗan fili tsakanin kalma da kalma kamar yadda muke bari a rubutu. Ba a ga haka ba. Filin da muke rantsuwa muna ji tsakanin kalmomi, a mafi yawan wurare babu shi. Inda aka sami shiru kuma, sau da yawa a tsakiyar kalma yake, domin mai cewa "hatta" yakan toshe iska a cikin kalmar fiye da yadda yake tsayawa tsakaninta da wadda ke biye. Haruffan kuwa sun shiga juna, kamar rubutun da aka wanke daga allo: dukkansu suna cikin ruwan, amma babu mai iya sa hannu ya tsamo ba'un ya bar sinun.

A ɗakin binciken Haskins, inda Franklin Cooper ya ƙera wata na'ura mai mayar da irin wannan zane ya koma sauti, Alvin Liberman da abokan aikinsa sun bi wannan mas'ala har gindinta. Asalin aikinsu na jinƙai ne, wato samar wa sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu na'urar da za ta karanta musu littafi. Suka ba kowane harafi wani amo nasa na dabam, suka jera, sai suka tarar komai naciyar mutum ba ya iya bin wannan jeri da saurin da ya kusanci na magana, da an ƙara sauri sai amon ya dunƙule ya zama guna-guni. Amma wannan mutum ɗin yana bin magana mai ɗauke da sautuka 10 zuwa 15 a sakan guda ba tare da wahala ba. Da suka duba gaɓar "di" da ta "du", sai suka ga alamar da ke sa kunne ya ji dalun a ta farko hawa take yi, a ta biyu kuwa sauka, abubuwa biyu masu saɓani, kunne yana hukunta su harafi ɗaya. Idan kuma aka yi ta datse wasalin don a bar dalun shi kaɗai, ba a taɓa isa gare shi, ko dai a ji gaɓar baki ɗaya, ko a ji wani ɗan fito wanda bai yi kama da maganar ɗan Adam ba. Mai karatu yana iya gwadawa a bakinsa: ya shirya cewa "ki" ya tsaya, sannan ya shirya cewa "ku" ya tsaya, zai tarar tun kafin sautin ya fito leɓɓansa sun riga sun bayyana wasalin da ke tafe. Wannan cuɗanya da muke iya ɗauka ragwancin baki ce, ita ce sirrin saurin, domin kowane ɗan yanki na sauti yana ɗauke da labarin abin da ya wuce da abin da ke zuwa.

Sannan ga bambancin masu magana. A 1952 Peterson da Barney suka auna wasulan mutum 76, maza da mata da yara, suka ga wasalin wani yakan faɗa a gurbin wani wasali dabam na wani mutum, duk da haka masu sauraro ba safai suke ruɗewa ba. Bayan shekara biyar Peter Ladefoged, wanda daga baya ya zo Ibadan ya yi nazarin sautukan harsunan Afirka ta Yamma, shi da Donald Broadbent suka nuna dalili: kalma ɗaya, ba a taɓa ta ba, masu sauraro suna jin wasalinta ya sauya idan aka sauya muryar jimlar da ta gabace ta. Ma'ana kunne yana fara auna mai magana, sannan ya auna maganarsa da wannan mudu. Da wannan ne Bakano yake zama da Basakkwace, wannan yana "tafi" wancan yana "tahi", wannan yana "zauna" wancan yana "zamna", kafin a yi nisa kowa ya daina lura. Ni a ganina doguwar gaisuwarmu ma tana da rabo a nan, ban da ladabi da zumunci da ke cikinta: lafazinta sananne ne, babu abin da za a ɓata idan an kuskure, kuma kafin a gama tambayar gida da aiki da gajiya, kunnuwa biyu sun gama sanin muryoyin juna, sannan a shiga abin da ya kawo mutum.

Mafi ban mamaki a wurina shi ne mas'alar lokaci. A 1973 William Marslen-Wilson ya sa mutane su riƙa maimaita magana suna jinta, ya sami waɗanda suke biye da ita da ratar rubu'in sakan kacal, wato kimanin gaɓa ɗaya. Kuma ba aku suke yi ba, domin idan aka karkatar da wata kalma da gangan, sukan faɗe ta daidai, ba su ma san sun gyara ba. Daga nan ya kafa ra'ayinsa, shi da Alan Welsh a 1978, cewa mai ji ba ya jiran kalma ta ƙare. Da jin farkonta, dukkan kalmomin da suka fara haka sukan motsa a ƙwaƙwalwa tare, kowane sauti da ya biyo baya yana zubar da wasu, har a bar guda. A ce wani ya fara "maka", to makaranta da makami da makaɗi da makaho da makara duk suna nan a rubuce. Amma a kunnen Bahaushe ba su daɗe tare, domin makaho da makara da ƙasa suke farawa, sauran da sama, makami da makaho suna jan wasalin gaɓa ta biyu, makaɗi yana sauke murya a kanta, makaranta ba ta saukewa. Kafin baƙi na uku ya iso, shari'ar ta kusa ƙarewa. Karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko ya bar su ba alama, har kukan yaro da kukar miya suka zama siffa ɗaya a takarda, su ne shaidun farko da kunne yake saurara. Makaɗin kalangu ya san wannan tun kafin a ƙera na'ura: ba shi da baƙi ba shi da wasali, hawa da saukar murya kawai yake matsowa daga tsarkiya, amma mai take yana jin takensa daga nesa ya miƙe tsaye, saboda kalmomin suna ransa tun da, kiɗan tayar da su kawai ya yi.

To, idan kunne yana gaba da magana haka, ba abin mamaki ba ne ya ji abin da ba a faɗa ba. A 1970 Richard Warren ya ɗauki jimla a faifai, ya yanke sautin "s" daga tsakiyar wata doguwar kalma ta Turanci mai nufin majalisun dokoki, ya cusa tari a gurbinsa, ya kunna wa mutum 20. 19 daga cikinsu suka ce babu abin da ya ɓace, ɗayan kuma ya ambaci wani sauti dabam, har tarin ma ba su iya faɗin daidai inda ya faɗo ba. Amma da aka bar gurbin shiru, ba tari, sai aka gane giɓin. Hikimar a bayyane take: inda akwai ƙarar da za ta iya rufe sauti, ƙwaƙwalwa tana kyautata zaton cewa an faɗe shi, ta mayar da shi da kanta, kuma ba ta sanar da mai ita cewa ciko ne. Ba don wannan baiwa ba, da ciniki bai yiwu a kasuwa ba, da hira ba ta yiwu a cikin mota ba. Tun kafin wannan, Pollack da Pickett sun ciro kalmomi ɗai-ɗai daga hirar yau da kullum suka kunna su su kaɗai, sai ga shi kusan rabinsu ba a gane su, kalmomin da a cikin jimlarsu babu mai shakkarsu. A nan nakan tuna da tsofaffinmu. Tsufa yakan fara cin sirarran sautuka ne, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", ya bar wasula. Don haka idan dattijo ya ce yana jin murya amma ba ya jin magana, gaskiya tsantsa ya faɗa, kuma duk hirar da ya zauna a cikinta ciko yake ta yi har ya gaji. Ɗaga masa murya ba ya amfani kamar a fuskance shi, a sassauta, a fara gaya masa kan zancen.

Fuskantar tana da hujja. Harry McGurk da John MacDonald a Ingila, a 1976, suka ɗora muryar mai cewa "ba" a kan hoton bakin mai cewa "ga", sai mafi yawan manya suka ji "da", sautin da babu shi a muryar, babu shi a hoton. Kuma ko mutum ya san dabarar, muddin idonsa na kan leɓɓan, ba ya kuɓuta, sai ya rufe ido "ba" ta dawo. Mun ce gani ya kori ji, muna nufin shaidar ido ta fi labari; ashe a cikin magana gani ba korar ji yake yi ba, shiga cikinsa yake yi su zama abu guda. Malamin da ke ce wa almajiri "dubi bakina" yana koyar da kunnensa ne ta hanyar idonsa.

Daga ina kunne ya samo duk wannan? Mun ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin labarin zamanin da kaka bai gani ba. Amma ta wata fuskar ma ya girmi mai shi, tunda jariri yana fara ji tun yana ciki, kuma an gwada an ga jinjiri ɗan kwanaki yana fifita muryar mahaifiyarsa a kan ta wata mace, yana kuma bambanta rausayar harshen da ya saba ji da ta baƙon harshe. Masu tafsiri sun daɗe da lura cewa Alƙur'ani yakan gabatar da ji a kan gani idan ya ambace su tare, mu kuma abu na farko da muke yi wa jariri shi ne huɗuba a kunnensa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka nuna cewa 'ya'yan masu Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambanta wasu sautuka biyu na harshen Hindi waɗanda iyayensu ke ji abu ɗaya, amma zuwa wata 10 zuwa 12 sun daina. Yaro bai fara magana ba, kunnensa ya riga ya zaɓi al'umma. Shi ya sa baƙo yake shan wahala tsakanin "kafa" da "ƙafa", ko "dari" da "ɗari", ba don harshensa ya yi nauyi kaɗai ba, kunnensa ne ba ya ba shi bambancin da zai kwaikwaya. Mu ma ba mu tsira ba. An gwada Japanawa a 1999 da lafazin "ebzo", suka ji "ebuzo", da wasalin da babu shi, saboda harshensu ba ya yarda baƙaƙe biyu su haɗu haka. Wannan wasali shi ne ɗan'uwan wanda kakanninmu suka ji a "burodi" da "fulawa" da "furamare".

Kalmomin da muka aro daga Larabci kuwa taska ce ta tarihin kunnen Bahaushe ga mai son dubawa. Lodi, harafin da Sibawaihi ya ce daga gefen harshe yake fitowa, maƙwabcin lamun, ya zauna mana a "alƙali" da "farilla" da "alwala" da "lamiri" a matsayin lamun sosai. Alifi da lamun na ma'arifa kuma, waɗanda Balarabe yake jin su dabam da kalma, kunnuwan da suka fara karɓar waɗannan kalmomi, namu ne ko na al'ummun da suka miƙo mana su, ba su ji wata gaɓa a wurin ba, suka haɗiye su tare, muka sami "littafi" da "liman" da "lahira" da "laifi" da "labari". Inda kalma take farawa da inda take ƙarewa ba a cikin iska yake ba. Mai ji ne yake yankawa, kuma kowane harshe da wuƙarsa, kamar yadda Anne Cutler ta ƙarar da rayuwarta tana nunawa, cewa Bafaranshe da gaɓa yake yanka, mai Turanci kuwa da wurin da aka danna murya.

Malaman hadisi, waɗanda amanarsu duka ta rataya a kan "na ji" da "ya ba mu labari", ba su da na'ura, amma sun san wannan hali na kunne sani na haƙiƙa, har suka ware masa suna. Sun kasa tashifi, wato sauya lafazi bisa kuskure, gida biyu, na ido, wanda ɗigo ke jawowa, da na ji. Misalin da Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya kawo daga Daraƙuɗni shi ne na wani da ya ruwaito hadisin Asimul Ahwal ya ce daga Wasilul Ahdab. A rubuce sunayen ba su yi kama ba. A kunne kuwa ma'auninsu ɗaya ne, gaɓa da gaɓa, tsawo da tsawo, kuma dukansu sunayen maruwaita ne sanannu, saboda haka kunnen ya riƙe tsarin, baƙaƙen da suka kuɓuce masa ya cike su da sunan da ya fi kusa. Wannan mutum bai yi ƙarya ba, da za a rantsar da shi zai rantse a kan abin da ya ji, kamar yadda mutanen Warren za su rantse. Saboda irin wannan ne suka raba sharaɗin adalci da sharaɗin kiyayewa, suka ce mutum yana iya zama mai gaskiya a addininsa amma a ƙi riwayarsa don raunin riƙonsa. Suka sa mai isar da murya a manyan majalisai, yana maimaita lafazin malam ga na nesa. Suka wajabta wa ɗalibi ya gwada abin da ya rubuta da asalin littafin malaminsa bayan an tashi. Sunan da ake tsoron ruɗewa a kansa kuma suka riƙa warware shi harafi-harafi a cikin sharhi, suna faɗin wanne ne mai ɗigo, wanne ne maras ɗigo, da wasalin da ke kan kowanne.